Jagora Ga Ɗan Mahuta Mai Son Sa Hannu a Aikin Manhajar Sauraren Sauti

Duk wanda ya bi hanyar Koko zuwa Dabai, ya yada zango a Mahuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai ta masarautar Zuru, in dai mai lura ne, ba zai rasa ganin irin rumfunan nan da ake cajin waya ake kuma tura sauti a memori ba, inda saurayi ke zaune gaban tsohuwar kwamfuta wadda cikinta ya tara abin da babu ɗakin karatun da ya tara shi wuri guda: karatun Alƙur'ani mai girma, da tafsirin watan azumi, da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo, da na finafinan Kano, da waƙoƙin coci da Hausa da Dakarci, har da kiɗan Uhola wanda wani ya ɗauka da wayarsa a filin biki. Sau da yawa manhajar da yake kunna wa mai saye don ya ɗanɗana kafin ya biya ita ce VLC, mai alamar mazugin nan ruwan lemo da fari irin wanda ake jerawa a titi; bai sayi manhajar ba, ba kuma satarta ya yi ba, domin waɗanda suka yi ta sun halatta wa kowa ita. Maƙasudin wannan rubutu shi ne a bayyana wa irin wannan saurayi, da ɗalibi, da malamin makaranta, hanyar da mutum zai bi ya tashi daga sahun masu amfana kawai ya shiga sahun masu yin aikin, ba tare da ya bar garinsu ba.

Wajibi ne a fara da fahimtar abin da ake nufi da manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Kowace manhaja tana da rubutun asali wanda masu ita suka tsara da harshen kwamfuta, kuma al'adar kamfanoni ita ce su ɓoye wannan rubutu su sayar da abin da ya haifar. Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya ƙi wannan al'ada, ya kafa aikin GNU a 1983, sa'an nan a 1989 ya fitar da lasisin da ake kira GPL, wanda ya ba kowa izinin ya yi amfani da manhaja, ya karanta tushenta, ya gyara, ya raba wa wasu, bisa sharaɗi guda mai nauyi, wato duk wanda ya raba abin da ya gyara, lalle ne ya raba shi tare da tushensa a kan wannan izini ɗin dai. Masu ilimin fiƙihu za su ga kamanninsa da waƙafi, inda ake tsare asali a saki amfani. Fa'idar sharaɗin kuwa ta bayyana a tarihin manhajojin sauti kansu. Mark Kretschmann ya fitar da Amarok a 2003 a cikin jama'ar KDE masu haɗa manhajoji masu buɗaɗɗen tushe. Da aka sauya mata fasali a bugu na biyu a ƙarshen 2008, masu ƙaunar tsohon tsarin ba su ji daɗi ba, sai David Sansome da John Maguire suka ɗauki tsohon suka gina Clementine a kansa a 2010. Da ita ma tafiyarta ta yi sanyi bayan 2016, sai Jonas Kvinge, mutumin ƙasar Norway, ya cire reshe daga gare ta a 2018 ya kira shi Strawberry. Babu wanda ya kai ƙarar wani, domin izinin ya riga ya gabata. VLC ma aikin ɗalibai ce a wata makarantar injiniya ta birnin Faris, aka sake ta a ƙarƙashin GPL a 2001.

To, me ɗan Mahuta zai kai wa mutanen da suka shekara ashirin suna wannan sana'a? Amsar ita ce ginshiƙin wannan jagora. Masu kula da waɗannan manhajoji, duk da gwanintarsu, suna gwada aikinsu ne a kan sababbin kwamfutoci, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet da ba a auna shi da naira, da waƙoƙin da aka saya da sunayensu a tsare. Ba su da fayil ko ɗaya mai suna Ɗanƙwairo, ba su san tafsirin da ke cin sa'a biyu a fayil guda ba, ba su kuma taɓa ganin abin da ke faruwa ga manhajarsu sa'ad da janareta ya mutu tana tsakiyar ƙidayar waƙoƙi ba. Abin da ka ɗauka naƙasu ne a wurinka, shi ne ilimin da suka rasa. Saboda haka ra'ayina shi ne mai farawa kada ya fara da rubuta harshen kwamfuta. Ya fara da shaida, wato ya ga aibi ya bayyana shi yadda za a gane.

Bayan gyara niyya, sai zaɓen manhaja guda ɗaya, domin mai bin uku a lokaci guda ba ya ƙwarewa a ko ɗaya. Alamar aiki mai rai ita ce ka buɗe shafinsa, a GitHub ko inda yake zaune, ka ga an ƙara gyara a cikin watannin nan, ana kuma amsa wa masu kawo rahoto. Wanda kwamfutarsa ta tsufa ƙwarai, Audacious ta fi dacewa da shi don sauƙin nauyinta. Wanda ke da dubban fayiloli yana son tsara su bisa mawaƙi da kundi, ya dubi Strawberry ko Elisa ko Rhythmbox. Wanda kuwa yake son fassararsa ta isa ga jama'a mafi yawa, VLC ce ƙofarsa. Akwai wata mas'ala da ta shafi rumfunanmu kai tsaye: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ana iya zuba Linux Mint ko Ubuntu a filasha, a tayar da kwamfuta daga gare ta a gwada ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba, kuma galibin manhajojin da aka ambata a can suka fi sakewa.

Daga nan sai ka yi amfani da manhajar kullum, da fayilolinka na gaskiya, kana lura. Wuri na farko da ya kamata ka sa ido shi ne haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin a nan ne aibi ya fi ɓuya, kuma ya kamata ka san dalilinsa don rahotonka ya yi ƙarfi. Sunan waƙa da na mawaƙi da ka gani a allo ba daga sunan fayil kaɗai suke fitowa ba. Akwai ɗan bayani da ake rubutawa a cikin fayil ɗin MP3, tsarinsa ana kiransa ID3. Tsohon tsarin, na 1996, gurbi talatin kacal ya ware wa sunan waƙa, kuma bai san haruffanmu ba sam; na bayansa ne ya karɓi Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa. To idan wata manhaja ta adana suna da tsohuwar hanyar rubutun Turai ta Yamma, sai ka ga Ɗanƙwairo ya koma alamar tambaya, da an, da wata alamar tambaya, da wairo. Wannan aibi ne na adanawa. Akwai na jerawa: manhajar da ke jera sunaye bisa lambar harafi kawai za ta jefa Ɗanmaraya can ƙasa bayan Zabiya, domin lambar Ɗ ta fi ta Z girma, alhali ƙa'idar Hausa, wadda Unicode ma ya rubuta ta a kundinsa na harsuna, ita ce ɗ ta bi d, ƙ ta bi k. Na uku, wanda ya fi su wahalar ganewa, shi ne na bincike. Bafaranshe in ya rubuta e a akwatin nema, manhaja takan samo masa é, saboda a lissafin Unicode é ana iya warware ta zuwa e da alamar da ke kanta. Amma ɗ ba ta warwaruwa, harafi ce mai zaman kanta, don haka wanda ya rubuta Dankwairo ba lanƙwasa, kamar yadda mafi yawanmu ke yi a gaggauce, ba zai sami Ɗanƙwairo ba ko da yana nan. Babu mai gyara wannan sai an gaya masa, babu kuwa mai gaya masa sai mai Hausa. Mutanen ƙasar Zuru suna da ƙari a kan wannan, tun da rubutun harsunansu na C'lela da na u̱t-Ma'in suna da wasulan da ake ja wa layi a ƙarƙashi, kuma a gwada a gani ko layin yana zama inda ya kamata ko yana zamewa gefe.

Sa'ad da ka ga aibi, kada ka yi gaggawar rubutawa. Da farko ka tabbata bugun da ke hannunka shi ne na baya-bayan nan, domin la'alla an riga an gyara. Sa'an nan ka bincika rumbun rahotanni ko wani ya riga ka, in ya riga ka sai ka ƙara abin da ka gani a ƙarƙashin nasa. In babu, sai ka tsara naka kamar mai ba da shaida gaban alƙali, wanda ba a tambaye shi ra'ayinsa ba, abin da idonsa ya gani aka tambaya. Ka faɗi sunan manhaja da lambar bugunta, da irin kwamfutar da tsarin da ke tafiyar da ita. Ka jera matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, alal misali ka ce: na sa fayil mai sunan mawaƙi Ɗanƙwairo a cikin tarin waƙoƙi, na rubuta dankwairo a akwatin nema, na sa ran ya fito, bai fito ba, da na rubuta da lanƙwasa sai ya fito. Ka haɗa da hoton allo. Aibi ɗaya, rahoto ɗaya. Da Turanci ake rubutawa, amma gajeren Turanci mai tsabta ya wadatar, kuma da yawa daga masu karantawar su ma ba harshen iyayensu ba ne. Cewa kawai manhajar ba ta aiki, ko a gyara da gaggawa, ɓata lokacin kowa ne.

Za a nemi ka aiko da fayil na misali, kuma a nan akwai amana. Waƙar mawaƙi haƙƙinsa ce da na magadansa, shari'a ta tsare shi, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma ta tsare shi, bai kuwa halatta ka ɗora ta a bainar jama'a don kana neman gyaran manhaja ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗauki muryarka ta daƙiƙa biyar, ka sa mata sunan da ke jawo aibin, ka aika. Haka kuma ka duba hoton allo kafin ka tura, kada sunan wani ko lambar wayarsa su fita a ciki.

Bayan haruffa, sai abin da ya shafi yanayin zamanmu. Wanda ke sauraren tafsirin Shehu Abubakar Gumi ko na Malam Ja'afar, in ya tsaya a minti na saba'in ya tafi salla, yana buƙatar manhaja ta tuna inda ya tsaya; a gwada a gani. Surori ɗari da goma sha huɗu in an sa musu lamba 1, 2, 10, 100 ba sifiri a gaba, wata manhajar takan kawo ta goma kafin ta biyu. Fayilolin da suka zo ta WhatsApp, masu sunaye irin AUD da kwanan wata da WA da lamba, babu mawaƙi babu kundi, ɗaruruwa a jaka guda, yaya manhaja take nuna su? In wuta ta ɗauke tana cikin ƙidaya, shin tana farfaɗowa ko rumbunta ya lalace? In babu intanet, tana buɗewa nan take ko tana tsayawa neman hoton kundi? In kuwa akwai, tana cinye data ba tare da ta nemi izini ba? Kowace ɗaya daga waɗannan rahoto ce mai daraja. (Wanda ke da ƙyamar kiɗa saboda saɓanin malamai a kansa, ya lura cewa manhajar ba ta san bambancin kalangu da ƙira'a ba, abin da aka ba ta shi take karantawa, kuma gyaran da ya yi zai amfani mai haddar Alƙur'ani kamar yadda zai amfani wani.)

Aiki na biyu shi ne fassara, kuma shi ne wanda in wasu suka tsaya masa ya sauka daga wuyan saura, in kuwa kowa ya bari, laifin na kowa ne. Kalmomin da ke jikin manhaja ana tara su a fayil dabam, kowane layi na asali da gurbinsa na fassara a ƙarƙashi, kamar matani da sharhinsa. VLC tana karɓar fassara ta dandalin Transifex, wasu suna amfani da Crowdin ko Weblate, jama'ar KDE kuma suna da ƙungiyoyin harsuna nasu. Ka duba ko Hausa, mai alamar ha, tana cikin jeri. In tana nan ka nemi shiga ka kuma bi kalmomin da magabatanka suka zaɓa, in babu ka roƙi a buɗe. Inda aka yarda, sauke fayil ɗin ka yi aiki da Poedit ko Qt Linguist ba tare da intanet ba, ka mayar in ka samu sabis. Wannan ya fi araha nesa ba kusa ba. Ka kunna allon rubutu na Hausa, wanda yake akwai a Windows da Linux, domin fassarar da ta zubar da lanƙwasa ta riga ta karya abin da muka zo gyarawa.

Ƙa'idodin fassarar kaɗan ne amma ba a sassauta su. Alamomi irin su %1 da %n gurabe ne da manhaja za ta cika da suna ko lamba, ba a fassara su, ba a share su, amma ana iya matsar da su inda jimlar Hausa ke so: Bature yana gabatar da lamba, mu kuwa waƙa %n muke cewa, kuma Hausa ta yi mana sauƙi tun da waƙa uku daidai take kamar waƙoƙi uku. Alamar & da ke gaban wani harafi tana nuna maɓallin gajeriyar hanya ne, a ajiye ta gaban harafin da ya dace. Mas'alar da ta fi waɗannan dabara ita ce ta jinsi: manhaja ba ta san ko namiji ne ke gabanta ko mace ba, saboda haka kada a ce kana so ka share, a ce a share wannan fayil? Umarni kuma a bar shi tsirara: buɗe, kunna, dakata, tsaya. Ka riƙe littafi guda ka rubuta kowace kalma da ka zaɓa, don kada abin da ka kira jerin waƙoƙi a yau ya zama tsarin kiɗa gobe. Ka tuna masu karatunka sun haɗa da mutanen Maraɗi da Damagaram, da Dakarkari da Fakkawa da Dukawa waɗanda Hausa harshensu na kasuwa ne, don haka kalmar da kowa ya sani ta fi kalmar ƙamus. Fassarar inji kuwa, a zuba ta ba a duba ba, ha'inci ne. Gara layi ɗari da ka tabbatar da dubu da ka kwafo. Kafin ka miƙa, ka zaunar da wanda ba ya jin Turanci gaban allon, ka ce ya nemo waƙa ya kunna, kai kuma ka yi shiru ka ga inda zai tsaya.

Akwai wata hidima da ake mantawa da ita. Manhajoji irin su Strawberry, in suna son gane waƙar da ba ta da suna, sukan tambayi rumbun MusicBrainz, wanda shi ma masu sa kai ne ke cika shi. In Narambaɗa ko Barmani Coge ko mawaƙin garinku ba sa ciki, ko an rubuta su a karkace, manhajar ba ta da abin da za ta ce. Kowa na iya buɗe asusu ya ƙara mawaƙi, da laƙabinsa, da rubutun sunansa mai lanƙwasa da marar lanƙwasa. Sharaɗin dai shi ne hujja, wato bangon kaset ko faifai ko littafin da aka buga, ba ji-ta-ji-ta ba.

Wanda ya daɗe a waɗannan, ya kuma koyi harshen C++ wanda da shi aka rubuta Amarok da Clementine da Strawberry, shi ne zai taɓa tushe. Kayan aikin shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, mai adana kowane gyara da sunan mai shi da ranarsa da abin da ya gabace shi, har ya zama kowane layi yana da isnadinsa. Za ka kwafo aikin, in data ta yi ƙaranci ka ɗauko matakin ƙarshe kawai ka bar tarihin, ka karanta takardar sharuɗɗan gudummawa, ka harhaɗa manhajar a kwamfutarka a lokacin da kake da tabbacin wuta don yana ɗaukar lokaci, ka buɗe reshe, ka yi gyara ƙarami guda, ka gwada, ka rubuta dalilinsa, sa'an nan ka miƙa buƙatar a haɗa shi. Mafi alheri ka fara da aibin da kai ka kawo rahotonsa, ka kuma sanar da niyyarka kafin ka fara.

Saura ladabi, wanda rashinsa ya kori mutane fiye da rashin ilimi. Mutanen ƙasar Zuru ba sa buƙatar a koya musu aikin gayya, su da samarinsu suka saba shekaru suna noman golmo a gonar surukai; sun san wanda ya zo da fartanyarsa ba ya zaɓar wa mai gona inda za a fara kunya. Mai kula da manhaja yawanci yana da aikin da yake ci da shi, da dare ko ranar hutu yake duba saƙonni. In ya yi mako biyu bai amsa ba, ka tuna masa sau ɗaya cikin lafazi mai daɗi. In ya mayar maka da gyaranka ya ce a sake, wannan karatu ne kyauta. Maganarsu takan zo a gajarce ba gaisuwa, kada ka ɗauke ta wulaƙanci, al'adarsu ce. In kuma ka ɗauki alkawarin wani aiki sai damina ko jarrabawa ta sha kanka, ka faɗa a fili don wani ya ɗauka.

Ba a biyan albashi a wannan aiki, kuma wanda ya ce maka za ka yi arziki da shi cikin wata shida bai gaya maka gaskiya ba. Abin da ake samu shi ne ƙwarewa da suna rubutacce wanda kowane mai ɗaukar ma'aikaci zai iya dubawa. Akwai kuma shirin Google Summer of Code, wanda tun 2005 yake ba masu koyo tallafin kuɗi su yi aiki da ƙungiyoyi irin su KDE da VideoLAN masu VLC; akwai kuma ƙungiyar Open Source Community Africa da aka kafa a Nijeriya a 2018. Roƙona ga malaman kwamfuta na makarantun Fakai, da na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, shi ne su sa rubuta rahoton aibi guda da fassara layi hamsin cikin aikin da suke ba ɗalibai kowane zango, su kuma duba shi da kansu kafin a aika. Kai kuma mai rumfa, ka buɗe manhajarka yau ka rubuta dankwairo a akwatin nema, ka ga abin da zai fito.